Haƙarƙarin Layya da Baƙon Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallata ta farko a gidan miji ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu a Tamaske ba za su bar ni ba, don har yau idan ƙuda ya sauka a bakin kwano a gidan suna, sai wata ta saci kallona ta danne dariya.

Ni 'yar Madawa ce, malamar makarantar firamare. Aure ne ya kai ni Tamaske, aka mayar da aikina can. Ko lallen biki bai gama fita daga farcena ba maigidana ya ɗauki jakarsa ya koma Abijan, inda yake sayar da kayan koli kamar yawancin mazan unguwar. Na san da haka tun kafin a ɗaura, ba wanda ya ɓoye mini. Abin da ban sani ba shi ne tsawon yini ɗaya a ɗakin da ba mai yi miki sallama. Aka bar ni a gidan mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, da ƙanwarsa Rabi da ke shirin aure, hankalinta duk yana wajen tela.

Akwai wani abu da ya ƙara mini kaɗaici, wanda sai daga baya na gane shi. Maigidana ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa, idan ma aka yi zancensa sai ta tashi ta shiga madafa. Ni kuma matarsa ce, ban isa in kama sunan miji a gaban uwarsa ba. Sai ya zamana mutum yana da uwa da mata a gida ɗaya, amma sunansa ya ɓace a gidan ɗungurungum. Na san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi a Madawa, amma ta Inna ta yi tsanani har na yanke wa kaina cewa matar nan ba ta damu da shi ba, balle ni. Ga shi ba ta kirana sai da "Madam", yadda 'yan ajina suke kirana. Duk sanda ta faɗa sai in ji kamar baƙuwa ce ni da aka ba wa masauki.

A makaranta kuwa ina da suna, kuma a kan ƙuda na yi shi (ku riƙe wannan, za mu dawo kansa). Yaran ajina sun zo da abin da suka ji a gida, cewa nama idan ya kwana biyu shi ke haifar tsutsa da kansa. Na ce bari in nuna musu da idonsu. Na samo kwalabe biyu na sa guntun nama a kowace, na ɗaure bakin ɗaya da ƙyallen gidan sauro, na bar ɗaya a buɗe a kan taga. Duka biyun suka yi wari har malamin ajin kusa ya daina gaishe ni, amma buɗaɗɗiyar ce kaɗai ta yi tsutsa. Na tsaya gaban allo da alli ina zane ina bayani: macen ƙuda ta sauka ta zuba ƙwai farare ƙanana, a zafin nan namu kafin gobe sun ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta yi ta ci tana girma, idan ta ƙoshi ta rarrafa ta nemi busasshen lungu ta shige cikin wani ɓawo ja-ja, bayan 'yan kwanaki sabon ƙuda ya fasa ya fito. Na sa suka maimaita har suka iya kamar waƙa. Shugaban makaranta ya yaba mini a gaban malamai, ni kuwa na yi ta tafiya ina jin kaina.

Sallar shekarar ta faɗo a farkon damina, an riga an ba da hutu. Makarantar da ke cinye mini rabin yini ta rufe, sai ni da bango huɗu. Ana saura 'yan kwanaki Sallah maigidana ya kira ni. Ya ce ba zai samu Sallah a gida ba, amma auren Rabi da za a yi bayan Sallah ba zai wuce shi ba.

"Ranar armen Rabi ina gida, in Allah ya so," in ji shi. "Ki aje mani haƙarƙari hwa. Gasasshe nika so, kada a soya mani shi. Kin san soyayyen nan na Inna, sai ka ce icce kaka tauna."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Shi wasa yake yi, na tabbata kafin ya mayar da wayar aljihu ya manta. Ni kuwa na karɓi maganar kamar wasiyya.

Kun san yadda muke layya. A feɗe rago, a buɗe shi a kan sanduna, a jera kewaye da wuta ya yini yana gasuwa, ranar sai kayan ciki ake ci. Washegari a yanyanka, a fitar da rabon dangi da maƙwabta, sauran kuma mata su zauna su soye shi tas a cikin kitsensa, don a haka ne kaɗai zai yi watanni bai lalace ba. Ba a barin gasasshe. Kowace yarinya ta san wannan, ni ma na sani. Amma da safen nan, Inna ta shiga ɗauko babbar tukunya, Rabi ta tafi kai rabon maƙwabta, sai na tsinci kaina na yanki haƙarƙari mai kyau, na tura shi ƙarƙashin mayafi, na wuce ɗaki ina tafiyar mai ciwon ciki. Malama guda, mai koya wa 'ya'yan mutane cewa sata ba kyau.

Na sa shi a cikin kwanon samira mafi kyau a kayan ɗakina, mai fure ja, na rufe. Kwana biyun farko nakan ɗumama shi a kan gawayi idan gida ya yi shiru. Da na ga Inna ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska, sai na daina, don kada ƙamshi ya tona ni.

Nan ne fa abin ya fara zama abin kunya. Kowace rana bayan azahar, gida ya yi tsit, sai in jawo kwanon in buɗe in zauna ina kallonsa. Ba ci nake yi ba, wallahi ko yatsa ban taɓa lasa ba. Kallo kawai. Ina ganin yadda maigidana zai zauna a kan tabarmar nan ya naɗe hannun riga, ya ce ashe kin ajiye. Wata rana har na ji bakina yana ba haƙarƙarin labarin abin da tela ya yi wa Rabi. (Idan akwai likitan ƙwaƙwalwa a cikin masu karatu, ya yi haƙuri, lokacin ya wuce.)

A irin wannan zama ne baƙona ya fara zuwa. Wani ƙaton ƙuda kore mai sheƙi, mai ƙara kamar babur a nesa. Ya shigo ta taga ya kewaya ɗakin, ya sauka a bakin kwanon, ya goge hannuwansa kamar wanda aka gayyata. Na ɗaga mafici zan make shi, sai na fasa. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau ita ce, tun safe ba abin da ya yi motsi a ɗakin nan sai shi. Na ce masa, "Kai ma ba ka da kowa ko?" Na bar shi ya yi yawonsa a kan naman, ya shiga tsakanin ƙasusuwa inda wuta ba ta ratsa sosai ba, ya jima a ciki, ya fito ya tafi. Washegari ya dawo, na ji daɗi har raina. Ni da na zana uwarsa da ubansa a kan allo, ko sau ɗaya ban tambayi kaina me yake yi a tsakanin ƙasusuwan ba.

Sai wayar maigidana ta daina shiga. Na kira da safe, a kashe. Na kira da yamma, a kashe. Na hau tudun bayan gida inda aka fi samun layi, duk ɗaya. Ana cikin haka wata da ta zo taya mu tsintar shinkafar biki ta ce ta ji an ce wani ɗan yankinmu ya rasu a Abijan, amma ba a faɗi ko wane ne ba tukuna. Na kalli Inna. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da tsinta. Na ce a raina, wannan wace irin zuciya ce. Na shiga ɗaki na kasa ko buɗe kwanon, don kallonsa ya koma tayar mini da hankali. Na danne murfin da kyau, na ɗaure shi da tsohon zane, na tura can ƙarƙashin gado. Ban sake taɓa shi ba sai ranar biki.

Ranar gida ya cika maƙil. Turame a jere, mata suna daka suna waƙa, manyan tukwane a kan murhu, guɗa tana tashi ta ko'ina. Rabin matan nan iyayen 'yan ajina ne. Ni kuwa kunnena yana bakin ƙofa, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai gabana ya faɗi. Hantsi ya yi, azahar ta yi, ba maigidana ba labarinsa. Na shiga ɗaki don in ɓoye fuskata, sai na ji wani wari da na yi kwanaki ina ɗora wa damina laifinsa. Na jawo kwanon, na kwance zanen, na ɗaga murfin.

Naman yana motsi. Tsutsotsi ne farare fat, suna hawa kan juna, wasu har sun hau cikin murfin.

Yanzu da a ce hankalina yana jikina, da na tuna kwalabe biyu. Amma abin da ya faɗo mini shi ne kakata, Allah ya jiƙanta, wadda ta sha gaya mana cewa idan aka ajiye wa matafiyi abinci ya lalace a rufe, to rabonsa ne ya ƙare a duniya. Na dubi ɗaurin da na yi da hannuna. Kwano a rufe, a ɗaure, ta ina wani abu zai shiga? Waya a kashe. An ce wani ya rasu. Ya ce yau zai zo, bai zo ba. Na haɗa su wuri ɗaya, lissafi ya fita daidai, kuma ni ce mai koyar da lissafi.

Ban san lokacin da na fito ba. Na dai ga kaina a tsakiyar gida, ba mayafi, ɗankwali a karkace, kwano a hannu biyu, ina ihu.

"Inna! Inna, ya mutu! Wallahi ya mutu!"

Taɓarya ta tsaya a sama. Mai guɗa ta haɗiye rabin guɗarta. Rabi ta fito daga ɗakin lalle da ƙafafu a ɗaure cikin leda tana tambayar wa ya mutu, kafin a ba ta amsa ta fashe da kuka, ƙawayenta suka taya ta. Wata tsohuwa ta fara salati. Inna ta taso daga bakin murhu, muciya a hannunta.

"Wa yac ce maki? Waya anka yi?"

"Ba a yi ba," na ce, ina shessheƙa. "Ki diba, Inna. Rabonshi na. A ruhe yake, a ɗaure, ga abin da ya zama."

Na miƙa mata kwanon. Mata suka matso suka leƙa, suka ja da baya suna toshe hanci. Sai uwar Hadiza, wata yarinya da ke zama a bencin gaba a ajina, ta karkata kai ta ce cikin ladabi, kuma ladabin ne ya fi kashe ni:

"Madam, ba ke ce kinka koya ma su Hadiza ƙuda ka haihuwar tsutsa ba? Tun randa kinka yi masu karatun ga ba mu huta ba cikin gida. Ko hura nika sha, sai ta ce in ruhe, Madam ta hana."

Wata ta ce ita ma ɗanta ya ishe ta. Wata ta ce ai har zanen ya yi mata a ƙasa da tsinke. Sai aka fara dariya, ƙasa-ƙasa da fari, sannan ta ɓarke. A daidai nan baƙona kore ya faɗo mini a rai, yana goge hannuwa a bakin kwano. Ashe ba baƙo ba ne, baƙuwa ce, kuma ba zumunci ya kawo ta ba, gidan haihuwa ta samu. Na ji kunya ta taso mini daga tafin ƙafa. Ban gama da wannan ba, wata daga baya ta ɗaga murya:

"To wai naman mi na wanga? Ba an soye na layya duka ba?"

Dariyar ta tsaya. Wannan tambaya ta fi tsutsar muni. Amaryar gida ta ɓoye nama a ɗaka, ba da sanin uwar miji ba. Irin maganar da ke bin mace har ta yi jikoki ke nan. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Inna ta karɓi kwanon daga hannuna ta mayar da murfin.

"Ni nac ce ta aje," in ji ta. "Ba wanda yam mutu sai an aiko. Ku koma ga daka, rana na tahiya."

Ta miƙa wa wata kwanon ta ce a kai bayan gida a rufe da ƙasa. Ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja ni zuwa ɗakinta ta saki labule. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Tun ba a haihe ki ba nika yankan naman layya. Kina ga haƙarƙari shi ɓace ban sani ba?"

Ta durƙusa da ƙyar, ta sa hannu ƙarƙashin gadonta ta jawo wani tsohon gwangwanin madara. Ta buɗe. Soyayyen nama ne, an danna shi a cikin kitse har baki, tsoka zalla, zaɓaɓɓe.

"Na wancan na," ta ce, tana kallon bango. Ko a nan ba ta kama sunansa ba. "Tun ubanshi na zuwa Kamaru nika ajewa. Wata shekara su zo su iske, wata shekara in ci abina bayan girbi."

Na ce, "Inna, ke ma kin ji abin da anka ce?"

"Na ji. Tun rannan abinci bai wuce mani nan ba." Ta nuna maƙogwaronta. "Amma armen ɗiyata a kai, wa za ni hwaɗa ma?"

Ta rufe gwangwanin ta mayar. Ta gyara mini ɗankwali da hannunta mai ƙamshin hayaƙi, ta ce, "In jiran su za ki yi, ɗiyata, soyawa a kan yi."

Ranar ce ta fara kirana da wani abu ba Madam ba. Na yi kuka na biyu a ranar, amma wannan ba wanda ya ji.

Aka kai Rabi ɗakinta. Bayan kwana biyu maigidana ya kira da wayar abokinsa, muryarsa garau. Wayarsa ce aka zare masa a kasuwa, kuma kasuwar ba ta bar shi ya taso ba, sai dai bayan girbi in Allah ya so. Wanda ya rasu ɗan wani ƙauye ne a can wajen Keita, Allah ya jiƙansa, a gidan wata matar aka yi kukan da na ara. Ban ba shi labarin haƙarƙari ba, bai kuma tambaya ba. Na fito na tsaya kusa da Inna tana tankaɗe, na ce, "An gaishe ki." Ta ci gaba da tankaɗenta, amma da rana na ga ta cinye tuwonta har ta ƙara.

Sauran darasin kuma a ɗakina ya ƙarasa kansa, bi da bi yadda na zana a allo. Da na ɗaga tabarmar ƙarƙashin gado zan share, sai ga 'yan ɓawo ja-ja a jere a lungu, na waɗanda suka ƙoshi suka sulale ta gefen murfi tun kafin ranar biki. Wasu har sun fashe. Na ɗaga kai, ga ƙudaje kore sababbi fil a jikin taga suna shanya fiffike. Ni da nake fatan a yi suna a ɗakin nan, ga shi an haihu har an yaye, ba a ko gayyace ni ba. Wannan karon mafici bai yi tausayi ba.

Da aka koma makaranta na sake yin darasin kwalabe biyu ga sabon aji. Ina cikin bayani wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce innarta ta ce Madam ta fi kowa sanin wannan karatu. Na ce innarki ta yi gaskiya, zauna.

Abin da na koya bai da yawa. Ilimin da ke kan allo ba ya bin mutum ɗaki idan kewa ta riga shi shiga. Duk abin da ya zo taya ki hira a ranar da ba ki da kowa, ki duba abin da yake ajiyewa kafin ya tafi. Kuma mai shiru a gida ba lallai ba ne ba ta jira.

Girbi ya zo ya wuce, maigidana bai zo ba. Wata ranar Juma'a da la'asar Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo gwangwanin ta ajiye a tsakaninmu, muka ci. Gaskiyarsa ce, kamar itace ake tauna. Mun cinye shi tas.

Yanzu gwangwani biyu ne a gidan, ɗaya a ƙarƙashin gadonta, ɗaya a ƙarƙashin nawa. Bana ma mun soya.